Daga gadar Ngeli zuwa karar Legas: tarihin cinikinmu da Najeriya

 Abin da ke biye shi ne bayanin da muka yi a filin tarihin kasuwa na wannan wata. Mun sa shi a takarda domin wanda shirin ya wuce shi, yana daji bayan dabbobi ko yana tsaye a layin duwan, ya samu ya karanta, ko wani ya karanta masa.

Tambaya ɗaya ake ta maimaita mana, daga Waliya, daga Kusuri, daga Fotokol har Gamboru. Ana cewa: wai Najeriyar nan da kullum ake mana albishir za ta shiga sahun manyan kasuwannin duniya, ga shi nairarta ta zube, har yanzu wurin da mutum zai kai shanunsa ne? Ko lokaci ya yi da za a nemi wata ƙofa? Tambaya ce mai nauyi. A kanta wani zai yanke shawarar sayar da bijimai goma bana ko ya riƙe su sai baɗi. A kanta wata Hajiya za ta zuba jarinta a atamfar Kano ko ta dakata. Mu dai ba masu duba ba ne. Tarihi muke da shi, kuma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, ɗan'uwa, fara tsayawa a Waliya ka duba. Kana tsakanin kogin Shari da kogin Logon. Bayanka gadar Shagwa da cikin garin Njamena, gabanka hanyar Ngeli, tireloli na jere, 'yan kilando na kai da kawowa. In ka haye gada ka shiga Kusuri, kimanin kilomita 100 ne zuwa Fotokol. Ka ƙetare El Beid ka faɗa Gamboru, saura kimanin 140 ka isa Maiduguri. Tashar jiragen ruwan Duwala kuwa, inda yawancin kayan Chadi ke sauka, tana wajen kilomita 1,800 daga nan.

Ga wani lissafin kuma. Mutanen Chadi suna tsakanin miliyan 18 zuwa 20, amma ƙidayar dabbobi ta 2015 ta samu kusan kai miliyan 94, cikinsu shanu kusan miliyan 25. Najeriya tana da mutum sama da miliyan 220, shanunta kuwa kimanin miliyan 20 ne. Nan dabbobi sun fi bakuna yawa, can bakuna sun fi dabbobi yawa. Wannan shi ne tushen cinikin gaba ɗaya. Sai dai tsakanin sanka da tukunyar mai cin naman akwai abubuwa uku: hanya, kuɗi, da iyaka. Bi mu ka ga yadda kowannensu ya taɓa yi da mutane.

Tun kafin a ja layi

Kakanninmu sun san wannan hanya tun babu duwan. A ƙarni na 19 babbar kasuwar yankin tana Kukawa, birnin da Shehu Laminu al-Kanemi ya kafa a 1814. Kanwa daga Kanem, kifin tafki, shanu da dawaki su nufi yamma. Turkuɗin Kano da goron Gwanja su nufo gabas. Ana ciniki da wuri, da kuma azurfar nan ta Turai mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda Larabawa ke kira riyal. Sunan bai mutu ba: har yau a kasuwar Njamena sefa 5 riyal ɗaya ce, kamar yadda Hausawan Nijar ke ce mata dala.

Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, ya zauna Dikwa. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe shi a Kusuri, nan ƙetaren ruwa, kuma a wannan yaƙin kwamandan Faransa, Lami, ya mutu. Bayan makonni biyar, ran 29 ga Mayu, Faransawa suka kafa sansani a gaɓar Shari suka sa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 ya koma Njamena.

Daga nan Turawa uku suka yanka ƙasar kamar ƙosai. Faransa ta ɗauki gabashin Shari, Ingila ta ɗauki Kukawa da Yerwa, Jamus ta ɗauki Kusuri da Dikwa. Kai, ita kanta ƙasar da Waliya ke kai, wannan tsinin da ke tsakanin Shari da Logon, a hannun Jamus take har 1911. Dikwa da Gamboru kuma ba su shiga Najeriya ba sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba-gardama. Ka ga kenan layin da kake biyan kuɗi a kansa yaro ne a gaban hanyar da kake bi. Hausawa da yawa a garin nan ma wannan hanya ce ta kawo kakanninsu, suna tafiya Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka zauna suna fawa, jima da dillanci.

Jirgin ƙasa ya juya fatauci kudu

A da, kayan Kano arewa suke fuskanta, raƙuma su ratsa hamada zuwa Tarabulus. A 1911 layin dogo ya iso Kano, sai komai ya juya zuwa teku. Ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. Gyada ta zama kuɗi, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka yi suna. Garuruwan kudu, Legas da Ibadan da Anaca, suka cika da ma'aikata masu albashi.

Mutanen nan suna son nama, amma ƙudan tsando bai barin shanunmu su daɗe a kurmi. Dole naman ya fito daga arewa, in na arewacin Najeriya bai isa ba a leƙo gabas. Haka shanun Masakori, Masaget da Durbali suka koyi hanyar Yerwa. Masu kora su kai su da ƙafa, a loda su a jirgi, shanu su yi kudu, goro ya yo arewa.

Babu banki a cikin wannan ciniki, amana ce ke riƙe da shi. Ka isa Sabon Ibadan ko Agege ka sauka wurin fatomanka. Shi zai ba ka masauki da abinci, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sanka bashi. In mahauci ya gudu, fatoma ne zai biya, don sunansa shi ne jarinsa.

Faransawa ba su so dukiyar nan tana zarcewa ƙasar Ingilishi ba. Sun kafa kuɗin sefa a 1945, suka kuma gina mayankar Farsha mai ɗakin sanyi, ana ɗaukar nama a jirgin sama zuwa Barazabil da Libarabil. Duk da haka yawancin shanun da ƙafarsu suka ci gaba da tafiya Najeriya. Saniya inda hanya ta fi sauƙi kuma mai saye ya fi yawa take zuwa, ko gwamna ya so ko bai so ba.

Zamanin da naira ke taƙama

An samu man fetur a Oloibiri a 1956. Ƙasashen biyu suka samu mulkin kai a 1960. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe kasuwannin gabashinta na ɗan lokaci. Ran 1 ga Janairu 1973 aka ajiye fam aka fito da naira, kuma kafin shekara ta zagayo farashin mai a duniya ya ninka kusan sau huɗu.

Dattawan da suka yi fatauci a lokacin ba sa gajiya da ba da labarinsa. Aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka samu kuɗi a dunƙule, kowa na son babur, rediyo da nama a miya. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a Legas, babu wurin sauke kaya. Aka shimfiɗa kwalta, tirela ta karɓe lodin shanu daga hannun jirgi. A 1980, a farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuma sefa ɗaruruwa take kawowa.

A wannan gefen kuwa wuya ake sha. Farin 1973 ya karkashe dabbobi, ruwan tafki ya ja baya. Yaƙin 1979 da na 1980 ya watse Njamena, mutane suka haye Kusuri a kwale-kwale, wasu suka zarce Maiduguri. Ga wanda ya ga haka, Najeriya ita ce tudun mun tsira. Mutum ya sayar da shanu ya ɗaure nairarsa a ƙarƙashin matashi, ya kwana da daɗi. Man da gwamnatin can ke saukaka wa jama'arta ya riƙa ƙetarowa a jarka, abin da mutanen Kamaru suka sa wa suna zuwa-zuwa. Kowa ya ɗauka haka za a dawwama.

Shekaru uku da suka karya mutane

Farashin mai ya fara sauka a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi sanyi. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda makonni kaɗan su fice. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Ghana, amma da 'yan Chadi, Nijar da Kamaru a ciki. A shekarar dai annobar bushiya ta shiga garkuna, sojojin Najeriya da na Chadi kuma suka yi arangama a kan tsibiran tafki.

Sai babbar ta zo. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta sauya launin takardun naira, ta ba da kwanaki ƙalilan a canza. Ka gane abin da wannan ke nufi? Duk wanda ke wajen iyaka da naira a ƙarƙashin matashi, ba hanyar shiga, ba hanyar canzawa. Da wa'adi ya cika kuɗinsa ya zama takarda. Akwai gidajen da ba su sake tashi ba.

Daminar 1984 kuma ta ƙi. Makiyayi na son sayar da dabba tun kafin ta faɗi, babbar kasuwa a rufe. Farashin saniya ya zube, na gero ya haura, har a Nijar aka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a Maris na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma kafin shekarar ta ƙare aka fara karya darajar naira. Daga nan ba ta sake komawa inda take ba.

Ana cikin wannan hali, a 1985, aka gina gadar Ngeli. Kafin nan da jirgin fito ake haye Logon. Gadar ta sauƙaƙa wa Chadi hanyar Duwala, ta kuma mai da wannan gefen kogi, da a da gonaki da wuraren su ne, mashigar kayan ƙasa.

Ranar da aka raba sefa biyu

Ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ba su yi wa mai shanu daɗi ba. Naira ta yi rauni, sefa na da tsada, san Chadi ya fi ƙarfin mahaucin Najeriya. A garuruwan gaɓar teku irin su Abijan kuma daskararren naman Turai, wanda gwamnatocinsu ke tallafa wa, ya cika kasuwa da araha.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100. Ma'aikacin Njamena ya yi kuka, don magani da kayan gyaran mota sun ninka. Amma ga mai naira, shanun Chadi sun yi araha cikin dare ɗaya, garkuna suka riƙa kwarara yamma. Saniyar dai ita ce ta jiya, ba ta ƙara ƙiba ba. Alƙalami ne aka ja a wani ɗakin taro a Dakar, ya sauya ribarka.

Shekarun da suka biyo baya sun yi albarka. Chadi ta fara fitar da man Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003, ta buɗe matatar Jarmaya tare da 'yan Sin a 2011. Najeriya ta koma mulkin farar hula a 1999, wayar salula ta shigo, farashin mai ya haura, Abuja da Legas suka yi ta gini. A Afrilun 2014 aka sake lissafin arzikin ƙasar, aka samu kimanin dalar Amurka biliyan 510, wato ta ɗaya a Afirka. Jaridun duniya suka yi ta cewa ga giwa ta tashi.

Lokacin da hanya ta mutu

Wata ɗaya bayan wannan albishir, a Mayun 2014, 'yan Boko Haram suka afka wa Gamboru, suka ƙone kasuwa, suka kashe ɗaruruwan mutane. Daga baya suka riƙe garin, har sojojin Chadi suka ƙetara daga Fotokol a Fabrairun 2015 suka kore su. Baga ta faɗi a Janairun 2015, hanyar tafki ta kifi da kanwa ta tsaya. A Yuni bama-bamai suka tashi a cikin Njamena, bincike ya tsananta a gada. A Maris na 2016 gwamnatin Borno ta dakatar da wasu kasuwannin shanu, domin toshe cinikin dabbobin sata.

Ba sai mun ba ka labarin wannan ba, kai ka gani da idonka. Tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba ta koma zagaye: wasu ta arewacin tafki zuwa Gigimi da Difa, wasu ta kudu, Bongor da Yagwa ko Lere, su ɓullo Mubi ko Yola. Kowane ƙarin mako a hanya kuɗin masu kora ne, kuɗin ruwa da ciyawa ne, ga na goro a kowane shinge, ga dabba tana rama. Mai saye a Legas bai ƙara maka ko kwabo saboda wahalarka ba, don haka daga farashin makiyayi ake cirewa. Farashin mai ya faɗi, a Yunin 2016 aka sake karya naira, tattalin arzikin Najeriya ya ja baya a shekarar.

An fara farfaɗowa kenan, a Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da mai, har Disambar 2020. Chadi ta shiga neman wasu masu saye. A 2020 aka ji ta shirya biyan Angola bashin dalar Amurka miliyan 100 da shanu 75,000 cikin shekara goma. Labari ne mai daɗin ji, amma ka raba shi: shanu 7,500 ne a shekara. Legas kaɗai tana yanka dubbai a rana.

Abin da ya faru jiya-jiya

A Oktoban 2022, lokacin da ruwan Shari da Logon ya shanye gidajen Waliya mutane na kwashe kaya a kwale-kwale, Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya manyan takardun naira. Waɗanda suka san 1984 gabansu ya faɗi. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, kara ta cika da dabbobi babu mai biya, sai da Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da yawo.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. A Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da ke kusan naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsa ba. A wurin 'yan canji, sefa 1,000 da ke kawo kamar naira 1,200 a farkon 2023 ta koma kawo wajen 2,500.

Mu yi misali. A ce ka sayi sa a Masaget sefa 400,000. A da, in ka samu naira 480,000 ka mai da uwar kuɗinka. Bayan faɗuwar naira sai ka samu miliyan ɗaya, kafin a zo maganar mota, duwan da la'ada. Mahaucin Legas ba zai iya ninka kuɗin nama rana ɗaya ba, don masu sayensa albashinsu bai ninka ba, ga tsadar kaya ta haura 30 cikin 100 a 2024. Amma juya lissafin ka gani. Mai sefa a hannu da ya je sayen masara, atamfa, takalmi ko robobi a Maiduguri da Kano ya same su da sauƙi, har hukumomin can suka riƙa tare motocin hatsi a kan iyaka. Mai zuwa-zuwa kuma ribarsa ta tsuke. A kan gada ɗaya, rana ɗaya, wani na kuka wani na dariya.

A lissafin dala, Najeriya da ta zo ta ɗaya a 2014 ta koma ta huɗu a 2024, bayan Afirka ta Kudu, Masar da Aljeriya. Mutanenta dai ba su ragu ba, gonakinta ba su gudu ba.

To, gobe fa?

A 1960 'yan Najeriya kimanin miliyan 45 ne. An yi yaƙi, an yi fari, an rufe iyaka, an karya naira, yawan bai taɓa komawa baya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za su wuce miliyan 350 nan da 2050, kuma galibinsu a birni. Ɗan birni ba ya kiwo, saye yake yi. In kana son sanin yadda kudu ta dogara da wannan hanya, tuna ƙarshen Fabrairun 2021, da 'yan kasuwar arewa suka tsayar da motocin shanu da abinci: cikin kwanaki kaɗan nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabo a Legas. Ƙasar da jiragen siminti suka toshe wa tasha a 1975 yau ita ke sayar wa maƙwabta siminti, kuma matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a 2024. Don haka ga mai tambaya ko a juya mata baya, amsarmu a'a. Babu wata kasuwa mai girmanta da sanka zai iya kaiwa da ƙafarsa.

Sai dai ka san abin da ke zuwa. Abu na farko, takarda ce ke kare ka. Naman shanu yana cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su daga waje. Ranar da aka ɗage wannan doka, abokin takararka ba makiyayin Nijar ba ne kaɗai, har da naman Barazil da na Indiya. Na biyu, ƙasar ta fara ɗaukar kiwo da muhimmanci: ta kafa ma'aikatar kula da dabbobi a 2024, kuma a Nuwambar shekarar kamfanin nama na Barazil, JBS, ya sa hannu kan alkawarin zuba dalar Amurka biliyan 2.5 a masana'antun nama. A lokacin alkawari ne tukuna, ba a ga gini ba. Amma in irin waɗannan mayanka suka tsaya, a sikeli za su saya, kuma za su nemi shaidar allura. Na uku, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a takarda tun 1 ga Janairu 2021, kai ma ka san shinge nawa ka ƙirga a tafiyarka ta ƙarshe. Na huɗu, in talaka ya matsu yakan bar nama ya koma kifi, kaza ko ganda, saboda haka yawan bakuna ba ya nufin kowace shekara za a saya da tsada.

Abin da tarihin nan ya koya wa waɗanda suka tsira da jarinsu ba shi da yawa. Kafin ka tambayi farashin sa a Maiduguri ko Potiskum, tambayi canji, ka yi lissafinka da kuɗin da za ka ci da shi a gida. In ka sayar, kada naira ta daɗe a hannunka: ko ka juya ta kaya, ko ka canza, ko ka mai da ita dabba. Wanda ya ba da bashi da naira a farkon 2023, aka biya shi a farkon 2024, ya karɓi kuɗinsa cif, amma rabin sa ya karɓa. Ka riƙe hanya ta biyu da fatoma na biyu tun ana zaman lafiya. An buɗe sabuwar gada tsakanin Bongor da Yagwa a 2025, je ka san ta ko da ba ka bukace ta yau ba. Ka riƙa yi wa dabbobinka allura, ka adana takardar a leda. Kuma in ka ji an rufe wata iyaka, ko ba taka ba ce, shafa wa gemunka ruwa: ta Nijar da Najeriya ta zauna a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma farashin rago har nan ya ji a jikinsa.

Dattawa da suka ga 1984, muna roƙonku ku zaunar da yaranku masu bin mota ku ba su labarin da bakinku, don sun fi jin naku a kan namu. Wanda kuma ke da abin da ya gani a hanyar Fotokol ko ta Yagwa cikin watannin nan, kuɗin mota, yawan shinge, ko canjin da ya samu, ya aiko mana mu karanta wa 'yan'uwa. A shiri na gaba za mu ɗauko tarihin kifin banda da kanwa, daga Baga Sola zuwa Anaca. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.